Naɗa sabon zare a ril ɗin baitkasta: me ya sa nawa yake cukurkuɗewa?

Ɗan_Tiga:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu fatsa. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya hana ni jin daɗin fita kamun kifi makonni biyu ke nan. Ƙanen mahaifina ya kawo mini ril, na'urar naɗe zaren fatsa, daga Legas, irin wanda ake ɗorawa a saman sanda, wato baitkasta. Na hannu ne, amma ƙalau yake juyawa. Zaren da na tarar a kansa ya tsufa, ya yi fari, da an ja shi da ƙarfi sai ya tsinke, don haka na warware shi duka na sayo sabon nailan mai laba 15, wato nauyin da zai iya ɗauka kafin ya tsinke. Na kwantar da kwarkwaron da zaren ya zo a kai a ƙasa, kamar yadda na saba yi wa tsohon ril ɗina mai rataye a ƙarƙashin sanda, na yi ta naɗawa har ya cika fal. Ranar Asabar na je madatsar ruwa ta Tiga, jifan farko kawai na yi zaren ya taso ya cukurkuɗe a cikin ril, na shafe kusan rabin sa'a ina tsefe shi, daga ƙarshe sai da na sa reza. Shin laifin naɗina ne, ko zaren ne ba shi da kyau, ko kuwa ril ɗin ne yake da matsala?

Baban_Sadiya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Daga bayaninka na ga kurakurai biyu, kuma dukansu a wajen naɗi suke. Na farko shi ne kwantar da kwarkwaron kanti a ƙasa. Wannan dabara ta ril mai rataye ce, domin shi kwarkwaronsa a tsaye yake ba ya juyawa, wani ƙarfe ne yake kewaya shi yana ɗora zare. Baitkasta kuwa kwarkwaronsa ne da kansa yake juyawa, saboda haka dole ne na kanti shi ma ya juya. Idan ka kwantar da shi, duk zagaye ɗaya da zaren ya fita ta gefe yana tafe da murɗa ɗaya, ka ga a mita ɗari ka tara murɗa mai yawan gaske.

Abin da za ka yi shi ne, ka ɗaura ril a sanda, ka zura bakin zaren ta zoben sanda mafi kusa da ril, sannan ta ɗan idon nan da yake kaiwa da komowa a gaban ril, wanda yake jera zare daidai. Kada ka manta da wannan ido, domin idan ka tsallake shi sai ka sake aikin daga farko. Ka ƙulla zaren a kwarkwaron ril. Ka sami wani ya soka fensir a ramin kwarkwaron kanti ya riƙe maka, ta yadda zaren zai riƙa fitowa daga samansa yana hawa saman na ril, shi kuma yana ɗan matsa gefensa da yatsu don kada ya gudu. Kai kuma ka kama zaren da tsumma mai danshi a gaban ril, ka riƙa juya hannu a natse ba tare da tsayawa ba.

Kuskure na biyu shi ne cikawa fal. Ka bar kimanin milimita 3 tsakanin zare da leɓen kwarkwaro.

Tela_Mai_Fatsa:
Gaskiyar Baba ce. Ni sana'ata ɗinki, kuma ranar da na fara riƙe irin wannan ril na ga ba shi da bambanci da kwarkwaron keken ɗinki. Duk telan da ya naɗa zaren ƙasa sako-sako ya san abin da zai biyo baya, ɗinki zai riƙa taruwa a ƙarƙashin yadi. Haka yake a nan. Idan ka gama naɗi, ka danna zaren da farce. In ka ji shi da tauri kamar ka danna katako, aiki ya yi. In kuwa farcenka ya nutse, to zagayen sama za su shige tsakanin na ƙasa da zarar kifi ya ja, kuma a jifa na gaba zaren zai maƙale a nan. Yawancin mutane suna matsa zaren sosai a farko, hannu ya gaji su sassauta a tsakiya, su kuma matsawa a ƙarshe, sai ya zama akwai laushi a ciki wanda ido ba ya gani.

Abu_Bagauda:
Don Allah Baba a yi mana bayanin ƙullin da ake yi a kwarkwaro, domin nawa kullum zamewa yake.

Baban_Sadiya:
Abu, ƙullin ba shi da wuya. Ka kewaya kwarkwaro da bakin zaren, sau biyu ya fi sau ɗaya. Sai ka ɗauki guntun bakin ka yi ƙulli na yau da kullum a jikin dogon zaren, wato ya zama zarge. A can ƙarshen guntun bakin ka ƙara wani ƙulli shi kaɗai. Ka jiƙa shi, ka ja dogon zaren a hankali, zargen zai sauka ya kama kwarkwaro, ƙulli na biyu kuma ya zo ya tokare na farko ya hana shi kwancewa. Ka datse abin da ya rage gajere, domin idan ya yi tsawo yakan ɗago zagayen farko. Wasu kwarkwaron suna da ramuka a jikinsu, a irin waɗannan kana iya zura zaren ta rami biyu ka ƙulla.

Injiniya_Kainji:
Ina girmama bayanin Baban_Sadiya, kuma duk abin da ya faɗa a kan naɗi daidai ne, amma ina jin tsoron Ɗan_Tiga ya sake naɗi yadda ya kamata, ya koma bakin ruwa, abin ya sake faruwa, ya ce an ba shi shawarar banza. Asalin cukurkuɗewar baitkasta ba daga naɗi take ba. Lokacin da ka yi jifa, nauyin ƙoto ne yake fizgar zare ya sa kwarkwaro ya fara gudu. Ƙoton yana tafiya iska tana rage masa sauri, daga ƙarshe ya faɗa ruwa ya tsaya, shi kuwa kwarkwaro bai san an tsaya ba, yana ci gaba da juyawa yana sakin zaren da babu mai jansa. Wannan zaren da ya rasa mafita shi ne yake tasowa ya harɗe. Mugun naɗi yana ƙara wa abin muni, cikawa fal ma haka, domin kwarkwaro mai nauyi ya fi wuyar tsayawa, amma ko gwani ne ya naɗa maka, in ba ka saita ril ba sai ya cukurkuɗe.

Abubuwa uku ne suke tsare kwarkwaro. Akwai ɗan murfi mai murɗawa a gefen hannun ril, wanda yake matse sandar kwarkwaro. Ka ɗaura ƙoton da za ka yi aiki da shi, ka ɗaga sanda, ka danna maɓallin saki, ka riƙa sassauta murfin har ƙoton ya fara sauka a hankali, kuma idan ya taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya nan take. Akwai birki a ɗaya gefen, wani na maganaɗisu ne mai lambobi a waje, wani kuma sai ka buɗe murfin gefe ka ga ƙananan ƙwayoyi da gudun juyawa yake turawa waje su gogi bango. Mai koyo ya kai birki kusa da ƙarshe. Na uku shi ne babban yatsanka, wanda zai riƙa shafar zare yayin da ƙoto yake sama, ya danne gaba ɗaya kafin ya taɓa ruwa.

Ɗan_Tiga:
Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya. Yanzu na duba, birkin nawa na maganaɗisu ne, kuma a kan lamba 2 na same shi cikin 10. Ban taɓa taɓa shi ba.

Masuncin_Yawuri:
Ni dai zan faɗi ra'ayina ko da ya saɓa wa na jama'a. A bakin Kwara aka haife ni, iyayena masunta ne, kuma giwan ruwan da na gani an fitar da mamari da zaren hannu, ban ga an fitar da irinsa da wannan na'ura ba. A Argungu ma, inda ake gasa tun 1934, homa da gora ake shiga ruwa da su. Ban ga dalilin da mutum zai sayi abin da sai an yi masa saiti uku kafin ya jefa ƙugiya ba. Wanda yake son ril ya tsaya a mai rataye, ya huta.

Na_Yamai:
Malam na Yawuri, babu mai ja da ƙwarewar masunta, kuma wanda yake ciyar da iyali da kifi ba zai bar raga ya kama sanda ba. Amma aikin daban ne. Mai baitkasta yana jefa ƙoton roba ko na ƙarfe sau ɗari a yini, yana son ya sauke shi a gindin wani kututture ko a bakin ciyawa inda tufi yake laɓewa, kuma babban yatsa a kan kwarkwaro shi ne yake ba shi wannan saiti. Ga shi kuma yana ɗaukar zare mai kauri ba tare da wahala ba.

In koma ga tambayar, ni shawarata ga Ɗan_Tiga ita ce ya bar nailan ya koma kitsattsen zare. Shekara huɗu ke nan ina amfani da shi a kogi nan Yamai. Ba ya riƙe lanƙwasar kwarkwaro, ba ya miƙewa, ko kifi ya shafi ƙoto kana ji a hannunka, kuma rana ba ta cinye shi da sauri kamar nailan. Sai dai yana da santsi, idan ka ƙulla shi kai tsaye a kan ƙarfe, dukan naɗin zai riƙa juyawa a kan kwarkwaro, ka ɗauka ril ya lalace. Watakila wannan ne yake damun Abu_Bagauda. Maganinsa ka fara shimfiɗa nailan kamar mita 10 ko 15 har ya rufe ƙarfen, sannan ka haɗa shi da kitsattsen. Kowane baki ka naɗa shi a jikin ɗan'uwansa ka yi zarge, nailan zagaye 5, kitsattse zagaye 8 saboda santsinsa, ka jiƙa, ka ja har ƙullin biyu su haɗu. Kuma kada ka kuskura ka matsa shi da yatsa tsirara lokacin naɗi, yana yanka fata.

Abu_Bagauda:
Lalle kuwa kitsattse ne nake sawa, kuma babu komai a ƙarƙashinsa. Allah ya saka da alheri.

Baban_Sadiya:
Na_Yamai, ban yarda a ba mai koyo kitsattsen zare ba. Yaron nan zai cukurkuɗa zare sau da yawa kafin yatsansa ya saba, kowa da haka ya fara. Nailan idan ya harɗe madaukansa a buɗe suke, kana ganinsu kana ja, in ta ƙi ka yanke ba ka yi babbar asara ba. Kitsattse kuwa idan ya ƙulle, ƙullin ƙanƙane ne ƙwarai, ga tsada ninki-ba-ninki. Na taɓa sayen wani a wani shago, an rubuta laba 20 a kwalinsa, siriri kamar zaren ɗinki. Ƙugiyata ta kama itace a ƙarƙashin ruwa, na ja da sanda, zaren ya nutse cikin naɗin. Jifan da ya biyo baya ya tsaya cak a sama, zaren ya tsinke, ƙoton da nake ji da shi ya tafi tsakiyar ruwa. Nailan mai laba 12 zuwa 17 shi ne na koyo.

Na_Yamai:
Baba, abin da ya same ka sirantar zaren ce ta jawo shi. A baitkasta ba a duba ƙarfin kitsattse kawai, kaurinsa ake dubawa. Na kamfanin PowerPro mai laba 30 kaurinsa milimita 0.28 ne, mai laba 50 kuma 0.36, wato kusan kaurin nailan mai laba 12. Shi ya sa ba na sauka ƙasa da 30, galibi ma 40 ko 50 nake sawa, ba don kifin ya kai haka ba. Kuma idan ƙugiya ta kama itace ba a ja da ril, ana naɗa zaren a guntun kara ne a ja da hannu. Amma maganar tsada na yarda da ita.

Bakano_a_Texas:
Assalamu alaikum. A nan inda nake aiki wannan ril shi ne a hannun kusan duk mai neman kifin bas a tafkuna, kuma wani dattijo maƙwabcina ya nuna mini dabarar da ta rage mini asara lokacin da nake koyo. Bayan ka gama naɗi, ka ƙulla bakin zaren a wani abu a fili, ka yi tafiya da sanda kamar mita 40, wato ɗan fiye da nisan jifanka. Ka yanko guntun tef irin na masu gyaran wuta ka manna a kan zaren da ya rage a kwarkwaro, sannan ka naɗe mita 40 ɗin a kansa da matsi. Duk cukurkuɗewar da za ta faru ba za ta wuce tef ɗin ba. Wannan tafiya da zare tana da wani amfanin, domin tana miƙar da lanƙwasar da nailan ya kwaso daga kwarkwaron kanti.

Idan kuma ta faru, kada ka fizgi zaren. Ka ƙara matse tauraron da ke bayan hannun ril, wato ƙarfen da yake saita ƙarfin riƙe zare idan kifi ya ja, ka danne harɗaɗɗen wurin da babban yatsa da ƙarfi, ka juya hannu kamar rabin zagaye, sannan ka danna maɓallin saki ka ja a hankali. Sau biyu ko uku yawanci madaukin da ya riƙe yakan saki.

Akwai zare na uku da ba a ambata ba, fuloro, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa da sunan Seaguar a 1971. Yana nutsewa kuma kifi ba ya ganinsa sosai a ruwa mai haske, amma yana da tauri, yana son tsalle daga kwarkwaro, ban ba mai koyo shawarar cika ril da shi ba.

Injiniya_Kainji:
Tun da Masuncin_Yawuri ya yi maganar yawan saiti, yana da kyau a san cewa irin wannan ril na farko ba su da irin wannan saiti na yanzu. Masu gyaran agogo ne a jihar Kentucky ta Amurka suka fara ƙera irin wannan ril da hannu a farkon ƙarni na 19, wanda aka fi ambata shi ne George Snyder, kuma babban yatsa kaɗai ne birkinsu. Kamfanin Abu na Suwidin, wanda shi ma da agogo ya fara, ya fitar da ril mai suna Ambassadeur a 1952 da birki mai ƙwayoyi a ciki. Duk abin da aka ƙara tun daga lokacin, har birkin kamfanin Shimano mai ƙwaƙwalwar lantarki, matsala ɗaya ake bi, wato kwarkwaron da ya fi ƙoto gudu.

Masuncin_Yawuri:
Na ji, Injiniya. To ko wane zare kuka naɗa, wanda zai shiga inda tsage yake ya sa guntuwar waya kamar taƙi ɗaya kafin ƙugiya. Haƙoransa ba sa barin nailan, balle wannan kitsattsen naku.

Maman_Khalil:
Ina bin wannan muhawara saboda maigidana da ɗanmu suna fita fatsa, kuma ina da roƙo a kan tsohon zaren da kuke warwarewa. Bara wata agwagwarmu ta dawo daga bakin rafi tana ɗingishi, da muka kama ta sai muka ga nailan ya naɗe mata ƙafa ya nutse cikin nama har ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Da ƙyar muka ciro shi da almakashi, kuma yatsa ɗaya bai dawo ba. Zaren nan ba ya ruɓewa. Don Allah wanda ya yanke ya dunƙule shi ya sa a aljihu, in ya zo gida ya daddatsa shi gajeru kafin ya zubar.

Tela_Mai_Fatsa:
Hajiya ta yi gaskiya, Allah ya ba mu ikon kiyayewa. Ni a tsohon kwarkwaron kanti nake naɗe wanda na cire, in yana da sauran ƙarfi ya zama shimfiɗar ƙasa. Akwai kuma tambayar da nake so in yi wa manya: wasu suna jefa kwarkwaron kanti a bokitin ruwa su naɗa daga ciki, shin hakan daidai ne?

Baban_Sadiya:
Jiƙa nailan yana da amfani, domin yana shan ruwa kaɗan ya yi laushi, musamman da hunturu lokacin da komai ya bushe. Ni nakan bar shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kafin in fara. Amma naɗi daga cikin bokiti ban so shi ba, saboda kwarkwaron yana kifewa yana juyawa yadda ya ga dama, ka koma ga murɗar da muke gudu. In ba ka da mai riƙe maka, ka soka fensir ɗin ta cikin kwali, ko ka riƙe bakinsa biyu da yatsun ƙafa kana zaune a tabarma.

Na_Yamai:
Ni na sha naɗawa daga bokiti ban ga murɗa ba, muddin kwarkwaron yana tsaye a gefensa yana juyawa. Sai dai ruwan ba ya ba da matsi, dole tsumma ya yi wannan aikin.

Ɗan_Tiga:
'Yan'uwa, na dawo da labari. Na warware zaren duka, na bi shawarar Baba na tsaya a nailan, ƙanena ya riƙe mini fensir, na matsa da jiƙaƙƙen tsumma har sai da hannuna ya yi tsami, na bar milimita 3. Na danna da farce kamar yadda Tela ya ce, na ji shi da tauri. Na sa tef a mita 40, na kai birki lamba 8, na yi kwana uku ina jefa dalma a filin makarantar unguwarmu bayan la'asar. Jiya na koma Tiga. Da ƙoton ƙarfe mai siffar cokali mai nauyi na yi jifa fiye da talatin, sau biyu kawai zaren ya taso, kuma na warware shi nan take, har na samu tarwaɗa ɗaya madaidaiciya. Amma da na canza zuwa ɗan ƙaramin ƙoton roba, kuma iska ta juyo tana busowa daga gabana, sai abin ya dawo kamar da.

Injiniya_Kainji:
Madalla. Wannan na ƙarshe ba naɗi ba ne. Duk lokacin da ka canza ƙoto sai ka sake saita murfin nan, kuma irin ril ɗinka bai cika son abin da ya gaza giram 7 zuwa 10 ba, domin ƙaramin ƙoto ba shi da ƙarfin tayar da kwarkwaro cike da zare, sai ka ƙara ƙarfin hannu, ga iska tana tare shi. Ka ƙara birki, ka yi jifa ƙasa-ƙasa ta gefe, ko ka juya wa iska baya.

Bakano_a_Texas:
Wasu a nan idan za su yi aiki da ƙaramin ƙoto sukan rage zaren zuwa kashi biyu cikin uku na kwarkwaro don ya yi sauƙin tashi.

Baban_Sadiya:
Idan ya rage zare haka, kowane zagaye na hannu zai riƙa ɗauko zare kaɗan, nisan jifa ma ya ragu da ƙoto mai nauyi. Ni da zan ba shi shawara, ƙananan ƙoto ya bar wa tsohon ril ɗinsa mai rataye, ya riƙa fita da sanda biyu. Ɗan_Tiga, sandar da ka ɗora ril ɗin a kai, wane nauyin ƙoto aka rubuta a jikinta kusa da mariƙi? Ka duba ka faɗa mana, domin ina zargin ita ma tana da hannu a ciki.